Tarihin Buɗe wa Naƙasassu Ƙofar Yanar Gizo, 1986 zuwa 2025

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda aka yi har aka wayi gari ana ɗora wa duk mai gina dandali a yanar gizo alhakin ya gina shi yadda makaho, da kurma, da wanda hannunsa ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta, za su shiga su biya bukatunsu ba tare da ɗan jagora ba. Za mu fi ba da ƙarfi ga makafi, domin a kansu ne aka fi yin shari'a, kuma a bakin alƙalai ne tarihin ya fi fitowa sarari.

2.0 Kafin Zuwan Hoto

Abin da zai ba mai nazari mamaki shi ne, kwamfutar farko ta fi yi wa makaho sauƙi bisa wadda ta gaje ta. A zamanin tsarin DOS, abin da ke kan allo haruffa ne zalla, layi 25, kowane layi da gurbin harafi 80. Saboda haka ba wuya a rubuta manhajar da za ta bi haruffan nan ta miƙa su ga na'urar da ke furta magana. A 1986 kamfanin IBM ya fito da irin wannan manhaja ta karanta allo, wadda Jim Thatcher ya yi aikinta. A 1989 kuma Ted Henter, wanda ya makance sakamakon haɗarin mota, ya fito da JAWS. Da irin waɗannan makafi suka sami aikin ofis, suna ji da kunne ko kuwa suna shafa rubutun Braille da yatsa.

Sai tsarin Windows ya zo da gumaka da tagogi, allo ya koma zane, harafi ma ya zama hoton harafi. Sai a 1995 JAWS ta fito a kan Windows. Yanar gizo ita ma haka ta bi: Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro ta a kan rubutu, amma daga 1993, da manhajar Mosaic ta fara saka hoto a tsakiyar shafi, masu gini suka shiga mayar da maɓallai da jerin sassa da taswira duk su zama hotuna. An tanadi gurbi a cikin harshen HTML inda magini zai rubuta gajeren bayanin kowane hoto. Idan ya bar gurbin fayau, manhajar makaho sai ta ce "hoto" kawai, ko ta karanto sunan fayil marar ma'ana. Wannan ɗan gurbi shi ne tushen rigimar da za mu gani a gaba.

3.0 Ƙa'ida da Doka

A watan Afrilu 1997 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta kafa sashe na musamman don wannan al'amari. A 5 ga Mayu 1999 sashen ya fitar da ƙa'idojin da aka sani da WCAG, masu babi 14. Amma ƙa'ida shawara ce, ba ta da ɗan sanda. Dokokin da ke akwai kuwa, wato dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 da ta Ostareliya ta 1992, an rubuta su ne ana tunanin matattakala da ƙofar shago da motar haya. Tambayar da ta taso ita ce: shin shafin intanet wuri ne da za a ce an hana mutum shiga?

4.0 Shari'ar Sidni

A 1999 wani makaho ɗan Ostareliya, Bruce Maguire, ya kai ƙarar kwamitin shirya wasannin Olamfik na birnin Sidni gaban hukumar kare hakkin ɗan Adam ta ƙasar. Kamfanin IBM ne ya gina wa kwamitin shafinsa. Kukan Maguire bai wuce abu uku ba: hotuna ba su da bayani, ba ya iya kaiwa ga jerin wasanni daga shafin jadawali, kuma teburan sakamako a cakuɗe suke fitowa a na'urarsa.

 Hujjar kwamitin ita ce gyaran zai zama nauyin da ya wuce kima, abin da doka ta yarda a fake da shi. Ya ce aikin zai ci wa mutum ɗaya kwana 368, da kuɗi dalar Ostareliya miliyan 2.2. Masanan da suka ba da shaida ta ɓangaren Maguire, wato Tom Worthington da Jutta Treviranus, suka nuna cewa shafukan, duk da yawansu, daga 'yan ƙwarangwal kaɗan ake zubo su. In an gyara ƙwarangwal an gyara dubbai, kuma aikin 'yan makonni ne. A 24 ga Agusta 2000 mai sauraron ƙarar, William Carter, ya ba Maguire gaskiya, ya umarci a gyara kafin 15 ga Satumba, ranar buɗe wasanni. Kwamitin bai cika umarnin ba, sai a watan Nuwamba aka ci shi diyyar dala 20,000.

Kuɗin dai ba su taka kara sun karya ba, kuma wasanni sun wuce Maguire bai ci moriyar shafin yadda ya so ba. A ganinmu muhimmancin shari'ar yana wuri biyu. Na farko, an karɓi ƙa'idojin WCAG a matsayin ma'auni tun suna da shekara guda da 'yan watanni. Na biyu, an lura cewa da tun farko aka gina shafin bisa ƙa'ida, da kuɗin da za a kashe ba su kai a ambata ba. Watau kwamitin shi ya jawo wa kansa tsadar da yake kuka da ita. Duk wanda ya taɓa fasa bango don ya shigar da famfo bayan an gama shafe ya san wannan lissafi.

5.0 Amurka da Turai

A Amurka tafiyar ta fi karkacewa. A 1998 an gyara sashe na 508 na dokar gyaran rayuwar naƙasassu, amma hukumomin tarayya kaɗai ya shafa. A 2006 ƙungiyar makafi ta ƙasa ta kai ƙarar kantunan Target, kotu ta yarda doka na aiki a kan shafi muddin yana da alaƙa da kanti na gini. A 2008 aka sasanta a kan dala miliyan 6. A 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar kamfanin Domino's a rigimarsa da Guillermo Robles, makahon da ya kasa sayen abinci ta manhajarsu. Sai a Afrilu 2024 ma'aikatar shari'a ta fitar da ƙa'idar da ta ɗaure gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi. Tarayyar Turai ba ta jira kotu ba: ta yi wa hukumomi doka a 2016, ta yi wa 'yan kasuwa a 2019, wadda ta fara aiki a 28 ga Yuni 2025.

A ɓangaren fasaha, WCAG ta biyu ta fito a Disamba 2008, bisa ginshiƙai huɗu: a iya riskar abu da wata gaɓa, a iya sarrafa shi, a iya fahimtarsa, ya kuma jure wa na'urori iri-iri. A ciki ne aka ƙayyade rubutaccen zance a ƙarƙashin bidiyo don kurame, da sarrafa kome da maɓallai kaɗai, da bambancin haske tsakanin rubutu da bango na aƙalla 4.5 bisa 1. Har ila yau, a 2006 Michael Curran, makaho ɗan Ostareliya, ya fara manhajar NVDA kyauta, James Teh ya haɗu da shi. A 2009 kuma Apple ya saka VoiceOver a wayar iPhone. Waɗannan biyu sun sauke tsadar da ta daɗe tana tsare talaka a bakin ƙofa.

Sai dai kada mu ɗauka aiki ya gama. Cibiyar WebAIM ta binciki shafukan farko na dandali miliyan ɗaya a 2019, ta sami kuskure a kashi 97.8 cikin ɗari; a 2024 adadin ya sauko zuwa 95.9 kacal. Galibin kurakuran kuwa tsofaffi ne: rubutu dishi-dishi, da hoto marar bayani, da gurbin cikewa marar suna.

6.0 Inda Abin Ya Shafe Mu

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan hakkin naƙasassu a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet ƙarara. An kuma sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a Janairu 2019. Akwai wata ƙa'ida ta WCAG da ta kamata malaman harshe su lura da ita, wato cewa kowane shafi ya shaida wa na'ura harshen da aka rubuta shi da shi. In bai shaida ba, manhaja za ta karanta Hausa da muryar da ta tarar, galibi ta Ingilishi. Sa'an nan marubucin da ya yar da ƙugiya ya rubuta "kasa" a gurbin "ƙasa", mai ido zai iya komawa baya ya gane nufinsa daga jimla, amma na'ura abin da aka ba ta shi za ta furta wa makaho.