Kakin Zuma da Fuskokin da Ba Su Koɗe Ba



Kwanakin baya ina gyaran akwati sai na ci karo da hotonmu na aji biyar. Wallahi ya koɗe, har fuskoki uku sai da na juya baya na karanta sunaye kafin na gane su, biyu daga ciki kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Nan take na tuna wata kalma da malaminmu na zane ya taɓa rubuta mana a allo, wato enkostik. Mun haddace ta ne don jarrabawa kawai, sai da girma ya zo na bi sawunta.

Asalin kalmar Girkanci ne, ma'anarta ƙona abu har ya shige ciki. Mai zane zai narka kakin zuma, ya gauraya shi da garin launi, ya shafa a kan allon katako tun da zafinsa. Daga nan sai ya kara wuta kusa, launin ya manne da allon. Wannan ƙonawar ce ta ba aikin sunansa. Marubucin Rumawa Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, ya ambata cewa har jiragen ruwa ana shafa wa irin wannan fenti, don rana da gishiri da iska ba su ɓata shi.

Shaida mafi girma tana ƙasar Masar. A zamanin mulkin Rumawa, daga ƙarni na 1 zuwa na 3, mutanen yankin Fayum kan zana fuskar mutum a allo su ɗaure a kan gawarsa, da yawa kuma da kakin zuma aka yi su. Wani Baturen Ingila, Flinders Petrie, ya tono wasu a Hawara a 1888. Kimanin 900 aka sani, idanunsu kamar za su ƙifta.

Kalmar ta kuma yi yawo. Rumawa sun kira tawada mai launin shunayya da sarakunansu ke sa hannu da ita enkaustum, daga nan Turawan Ingila suka sami ink, sunan tawadar da ta ɓata mana aljihun riga. Amma kada a rikita enkostik da aikin atamfa. A atamfa kakin yana tare rini ne, daga baya a cire shi. A enkostik kuwa shi ne ke riƙe launin, kuma yana nan zaune.

To 'yan uwa, fuskokin Fayum sun kusa shekara 2,000 ba su koɗe ba, amma yawancinsu ba a san sunayen masu su ba. Mu namu sunayen suna nan, fuskokin ne ke gushewa. Ina roƙon ƙungiya ta tattara hotunanmu a sake wanke su, a rubuta sunan kowa, tun masu shaida su suna raye.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka wa malamanmu da alheri.