Tambayar Libarba: Yadda Rassa Biyu na Maƙera Ɗaya Suka Amsa Ta a Amurka, 1852 zuwa 1885

Kalmar libarba ba ta cikin tsofaffin kalmomin yaƙi na Hausa. Bindiga da albarushi da harsashi duk daga Larabci suka zo mana, tun kafin Nasara ya sa ƙafa ƙasar nan. Ita kuwa libarba baƙuwa ce ta baya-baya, kuma sifarta ta nuna bakin da aka ɗauko ta. A kalmar revolver, sautin v da babu shi a Hausa ya koma b har sau biyu, r na farko ya koma l, shi kuma l na tsakiya ya koma r. Ƙarshen kalmar ne ya tona asalinta: Bafaranshe yana furta r na ƙarshe sarai, Ba'ingilishe kuwa haɗiye shi yake yi, ya bar wasali a buɗe. Ashe ke nan ta hannun Ingilishi ta shigo. Ma'anarta ta asali ita ce "mai juyawa".

Abin da ke juyawa ɗin wani guntun ƙarfe ne kewayayye da ke bayan bututun bindiga, an huda masa ramu biyar ko shida ko bakwai, kowane rami da harsashinsa. A cikin wannan ƙasida za mu kira shi ganga, ramun kuma mu kira su ɗakuna. Ƙarfen da ke sarar harsashi daga baya mu ce masa guduma, wanda ake ja da yatsa kuwa yana nan a kunamarsa. Akwai kuma takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙago wani abu, ta hana kowa ƙera irinsa har wasu shekaru sai da yardarsa; wannan mun sa mata suna takardar mallakar ƙira. Masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su ne za su gwada ko waɗannan sunaye za su zauna a bakin jama'a. Mu dai da su za mu ba da tarihin wata tambaya da ta sha gaban maƙeran bindiga na Amurka cikin ƙarni na 19: shin wanda ya iya ƙera bindiga ya kamata ya shiga ƙera libarba?

Dole a fara da wuyar aikin. Bindigar harbi-ruga bututu ɗaya ce mai ɗaki ɗaya, maƙeri gwani yana iya fitar da ita da guduma da zarto. Maƙeran Damagaram, a zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, har igwa sun yi a Zinder, ana kuma haɗa albarushi a garin. Amma libarba tana bukatar wani abu dabam. Duk lokacin da aka ja guduma baya, sai ganga ta juya daidai gwargwado, ta tsaya cik, ɗaki ya fuskanci bututu ba kuskuren ko ƙwayar gero. In ta kauce, darma ta bugi gefen bututu, hannun mai harbi ne zai biya. Yin guda ɗaya haka gwaninta ce. Yin dubu goma, kowace ta yi daidai da ƴar'uwarta, wannan sai injuna masu yankan ƙarfe da ma'aunai, watau sai dukiya mai yawa kafin a sayar da ko guda.

Samuel Colt ya ɗanɗana wannan. Ya sami takardar mallakar ƙirarsa a Amurka ran 25 ga Fabrairu 1836, ya kafa ma'aikata a garin Paterson, amma masu saye ba su zo ba, kamfanin ya karye a 1842. Abin da ya tashe shi yaƙin Amurka da Meziko ne: a 1847 gwamnati ta nemi libarba 1,000, alhali ba shi da ko rumfa, sai da ya kai aikin ma'aikatar Eli Whitney ƙarami. Daga nan ya miƙe, ya gina babbar ma'aikata a Hartford, cikin jihar Connecticut. An ƙara wa takardarsa wa'adi har 1857, ya kuma tsare ta da haƙori: a 1851 ya kai kamfanin Massachusetts Arms gaban shari'a, ya ci. Saboda haka, shekara ashirin da ɗaya, tambayarmu ba ta da amsa sai ɗaya ga sauran maƙera. Ko ka iya, an ce kar ka taɓa.

Cikin waɗannan shekaru ne, a 1852, wasu maƙera biyu, Horace Smith da Daniel Wesson, suka haɗa hannu a garin Norwich. Tun da ƙofar ganga a rufe take, sai suka bi wata: ƙaramar bindiga wadda harsasai ke jere cikin wani bututu na biyu a ƙarƙashin na harbi, ana tura su ɗaya bayan ɗaya da wani mariƙi da ke lanƙwasawa ƙasa. Dabarar ta yi kyau, harsashin ne ba ƙarfi. Kuɗi suka ƙare, a 1855 aka mayar da sana'ar hannun wani sabon kamfani mai suna Volcanic, wanda cikin masu zuba masa jari akwai Oliver Winchester, attajiri mai ma'aikatar ɗinkin taguwa a New Haven. Bai taɓa zama maƙeri ba. A nan hanya ta rabu biyu, kuma kowane reshe ya ba tambayar libarba tasa amsa.

Smith da Wesson suka ce i. Sun san takardar Colt ta kusa mutuwa, Wesson kuma ya riga ya ƙago wani ɗan harsashi mai kwanson tagulla, wanda albarushi da darma da abin ƙyasta wuta duk ke ciki wuri guda. Libarbar Colt ta lokacin ta gaba ake ɗura ta: a zuba albarushi a kowane ɗaki, a danna darma, sa'an nan a sa wa kowane ɗaki ƴar hular ƙyastu ta baya. Harsashi mai kwanso kuwa ta baya ake zura shi, don haka dole a huda ɗakunan ganga su zarce daga gaba har baya. Da Wesson ya bincika, sai ya tarar wani ya riga shi rajistar wannan hujin. Rollin White, wanda ya yi aiki a ma'aikatar Colt, ya karɓi takarda a kansa ran 3 ga Afrilu 1855. Ya nuna wa Colt, Colt bai ga amfaninsa ba. Ba a cika yi wa Colt adalci a nan ba, domin bindigar da White ya zana ba ta aikatuwa, kuma ganga mai buɗaɗɗen baya haɗari ce muddin da sakakken albarushi ake ɗuri. Hujin bai zama dukiya ba sai da ya gamu da kwanso.

A watan Nuwamba 1856 aka ƙulla yarjejeniya. Smith da Wesson su kaɗai za su yi aiki da takardar White, su biya shi rubu'in dala a kan kowace libarba (dalar Amurka ake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba), shi kuma White ya ɗauki nauyin kai duk mai kwaikwayo gaban shari'a da kuɗin aljihunsa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya cinye masa yawancin abin da ya samu. A 1857 suka fitar da libarbarsu ta farko daga Springfield, ƴar ƙarama mai ɗaki bakwai, faɗin bakinta bai kai milimita shida ba. Da yaƙin basasa ya tashi a 1861, sojoji suka dinga sayen ta da kuɗinsu, har ma'aikatar ta kasa biyan bukata. Abin lura shi ne, a Faransa Eugène Lefaucheux ya riga ya fitar da libarba mai ɗuri ta baya tun 1854, sojan ruwan Faransa kuma suka karɓe ta a 1858. Hujin ba sabon abu ba ne a duniya. Amma a Amurka takarda ta ce na White ne, sai ya kasance kamfanin Colt, wanda ya tsare wa kowa hanya a da, shi ne yanzu aka tsare. Colt kansa ya rasu a 1862 bai ga ƙarshen abin ba. Takardar ta mutu a 1869. Majalisa ta so ta ba White damar neman ƙari, Shugaba Grant ya ƙi sa hannu a Janairu 1870.

Daga nan kasuwa ta buɗe, ta kuma cika. A 1871 gwamnatin Rasha ta nemi libarba 20,000 daga Smith da Wesson, kafin cinikin ya ƙare adadin ya wuce 100,000. Sai dai ciniki da sarki yana da nasa dafi, don daga baya Rasha ta sa aka riƙa ƙera mata irinta a Tula da kuma Balin. A 1873 sojan Amurka suka karɓi sabuwar libarbar Colt mai harsashin kwanso. Remington ma, wanda ya shiga sana'ar tun mutuwar takardar Colt, yana nan da tasa.

Shi reshe na biyu fa? Kamfanin Volcanic ya karye a 1857, Winchester ya saye abin da ya rage. Ya ɗauki maƙeri Benjamin Tyler Henry, wanda ya gyara harsashin, ya mayar da dabarar mariƙi kan doguwar bindiga a 1860. A 1866 kamfanin ya ɗauki sunan Winchester. Bindigoginsa suka bazu a yammacin Amurka, Turkawa kuma suka yi yaƙi da su a Plevna a 1877. Ga injuna, ga maƙera, ga kuɗi, ga suna, ba kuma wata takarda da ta rage a hanya. In akwai wanda ya cancanci ya shiga ƙera libarba, to, shi ne. Kuma ya taɓa ruwan: cikin shekarun 1870 maƙeransa William Wetmore da Stephen Wood sun ƙera libarbobi na gwaji. Ba a kai ko ɗaya kasuwa ba.

A ganinmu dalili mafi ƙarfi yana cikin harsashi. A 1873 Winchester ya fitar da sabuwar doguwar bindiga tare da nata harsashi, wanda aka sani da lamba 44-40. Wajen 1878 Colt ya fara huda gangar libarbarsa daidai wannan harsashi, don makiyayi ko matafiyi ya rataya doguwa a sirdi, gajera a ƙugu, ya ɗura su daga jaka ɗaya. Bindiga sau ɗaya ake sayen ta, harsashi kuwa kullum. Kowace libarbar Colt mai wannan baki ta zama mai tallar kayan Winchester, ba tare da ya kashe ko sisi wajen kafa sababbin injuna ba. Me zai kai shi kokawa da mutum uku a filin da suka riga shi sanin ramukansa?

Amma tambayar ta dawo ta wata ƙofa. Oliver Winchester ya rasu a 1880, daga baya ragamar aiki ta koma hannun surukinsa, Thomas Bennett. A 1883 Colt ya fitar da doguwar bindiga mai mariƙi, ƙirar Andrew Burgess, watau ya shiga gonar Winchester da garmarsa. Tsakanin Hartford da New Haven tafiyar kilomita sittin ce ko kusa da haka, maƙera kuma suna kaiwa da komowa tsakanin gidajen biyu. Ɗaya daga cikinsu shi ne William Mason, wanda hannunsa ke cikin libarbar Colt ta 1873, ya koma Winchester a 1882. Nan aka sa shi ya ƙera libarba, ya kuwa ƙera wadda ta yi kama da ta tsohon gidansa ƙwarai.

Labarin da ya daɗe yana yawo a bakin masu tarihin bindiga shi ne, manyan Winchester sun ɗauki wannan samfuri suka tafi Hartford, suka ajiye shi gaban manyan Colt, wai suna neman shawara. Aka fahimci juna, kowa ya koma gonarsa. Mu da muka saba aiki da tarihin baka mun san irin wannan labari: ya cika daɗi, ya cika tsari, kuma mai ba da shi yakan tattara abin da ya ɗauki watanni ya mayar da shi zama ɗaya. Sai a auna shi da abin da ke tsaye. Colt ya daina ƙera bindigar Burgess a 1885, bayan guda 6,400 da ƴan kai kawai. Winchester bai taɓa sayar da libarbar Mason ba. Waɗannan biyu sun goyi bayan labarin. Amma a 1884 Colt ya fitar da wata doguwar bindiga, Lightning, wadda ake ɗanawa da jan katakon da ke ƙarƙashin bututu, ya kuma ci gaba da ita har 1904. In an yi sulhu, to, a kan mariƙi kaɗai aka yi shi, ba a kan doguwar bindiga duka ba.

Ko ta yaya aka yi, libarbar Mason ta yi wa Winchester aikin da libarbar kasuwa ba za ta yi masa ba, domin tana aljihu ta fi tsoratarwa. Ranar da ya fitar da ita, ranar ce Colt ba shi da sauran dalilin barin mariƙi. Kuɗin da zai zuba a ganga kuwa ya sami wurin zuwa: a 1883 ɗin nan ne Bennett ya sayi ƙirar farko daga hannun wani saurayin maƙeri na garin Ogden a Utah, John Browning, wanda daga baya ya ba kamfanin dogayen bindigoginsa na 1886 da 1892 da 1894. Libarbobin gwajin suka zauna cikin ajiyar ma'aikata shekara da shekaru, har aka kwashe tarin makaman Winchester aka kai gidan tarihi na garin Cody, a jihar Wyoming, inda suke a yau.