DAGA MOTAR KARA ZUWA MUTUM-MUTUMI

Yau hirarmu a kan wasan yara ce, da tarihin da ke bayansa.

Ku mutanen Takeita, garinku mararraba ne. Hanyar Maradi zuwa Damagaram ta ratsa shi. Nan kuma hanyar Kance da Matamaye ta rabu, ta nufi Daura da Kano. Kullum manyan motoci suna wucewa, yara suna kallo. Bayan an yi girbi sai ku ga yaro ya ɗauki kara, ya fere, ya haɗa totuwa da ɓawo, ya yi motarsa. Wani ya yi ta langa-langa ko ta waya, ya yanka tsohon takalmin soso ya yi ƙafafu. Wani ya kwaɓa yumɓu ya gina doki. Sau da yawa uba yakan ce: "Tashi, aikin banza!" To, ku saurari tarihi, sannan ku yanke hukunci.

ƳAN'UWA UKU NA BAGADAZA

Fiye da shekara 1,100 da suka wuce, an yi wani mutum a Bagadaza, sunansa Musa ɗan Shakir. Ya rasu ya bar ƴaƴa uku: Muhammadu da Ahmadu da Hasan. Halifa Ma'amun ya ɗauki nauyinsu, ya sa aka koya musu lissafi da ilmin taurari. Ahmadu shi ne mai son haɗe-haɗe. Wajen shekarar 850 suka rubuta wani littafi, Kitabul Hiyal, wato littafin dabaru. Na'ura kusan 100 ke cikinsa. Akwai fitila mai turo lagwaninta da kanta. Akwai mai ƙara wa kanta mai. Akwai tulu ɗaya mai zubo ruwa iri biyu, ba su gauraya ba. Yawancinsu kayan ban mamaki ne, na wasa. Amma dabarun buɗe ruwa da rufe shi da ke cikinsu, masana suna nazarinsu har yau.

AGOGON GIWA

Bayansu aka yi Aljazari, a garin Diyarbakir, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu. A shekarar 1206 ya gama littafinsa mai na'ura 50. Ɗaya daga ciki agogo ne mai siffar giwa. Ga yadda yake aiki. A cikin cikin giwar akwai randar ruwa. Bisa ruwan akwai tasa mai ƴar huda a gindi. Ruwa yana shiga sannu-sannu. In rabin awa ta cika, sai tasar ta nutse, ta ja igiya. Igiyar ta saki ƙwallon ƙarfe daga sama. Ƙwallon ya faɗo, tsuntsu ya juya, mutum-mutumin da ke bisa wuyan giwa ya yi bugu. Babu tsafi a ciki. Ruwa ne, da nauyi, da igiya.

Ya kuma ƙera ɗan mutum-mutumi mai miƙa wa mutum tawul bayan wankin hannu, da na'urorin ɗebo ruwa zuwa gona. Abin lura shi ne, ya zana kowace na'ura, ya rubuta yadda ake haɗa ta. Shi ya sa bayan shekara 800 mutane suka sake ƙera agogon giwa daga littafinsa.

A NAN GIDA FA?

Kada ku ce wannan aikin mutanen nesa ne. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Zinder sun narka ƙarfe sun zuba igwa, an kuma yi albarushi a nan. Dukawan Zinder sun yi suna da aikin fata. Mirya ta yi suna da ginin tukwane. Duk waɗannan gwanaye a gida suka koya. Ɗan maƙeri da zuga-zugi yake farawa, yana zaune kusa da ubansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

INA AKA SAMO SUNAN "ROBO"?

A 1920 wani marubuci na ƙasar Cek, Karel Capek, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan mutanen da aka ƙera don su yi aiki. Wansa Yusufu, mai zane, shi ya ba shi sunan. A harshensu "robota" na nufin aikin dole. Tsofaffinmu sun san aikin dole na zamanin Nasara, wanda aka soke a 1946. Manufar robo ke nan: ƙarfe ya ɗauki wahalar da ke karya ɗan Adam. A 1961, a Amurka, aka fara sa hannun ƙarfe mai suna Unimate aiki a gidan ƙera motoci na General Motors. Shi ke ɗaukar ƙarfe mai zafi, wanda ke ƙona ma'aikata.

Mu Hausawa muna ce masa mutum-mutumi, kamar na korar tsuntsaye a gona. Bambancinsu abu uku ne. Robo yana da abin gani ko ji. Yana da ƴar kwamfuta da ke bin umurnin da mutum ya rubuta mata. Yana da inji mai motsa hannu ko ƙafa. A 2017 aka yi gasar haɗa robo ta matasa a Washinton. Ƙasashe fiye da 150 suka je, da na Afirka masu yawa.

ABIN DA ZA KU YI

Yaron da ya yi motar kara ya riga ya koyi awo. Ya san ƙafa huɗu sai sun daidaita, in ba haka ba motar ta karkace. Kada ku kore shi. In ya gama aikin gida da na lakwal, ku zauna da shi. Ku ajiye masa gwangwani, da marfin kwalba, da waya. Ɗan injin da ke cikin tsohon abin wasa, da pil biyu, sun isa su sa motarsa ta tafi da kanta. Ku sa shi ya zana abin da ya ƙera, ya rubuta tsawo da faɗi, kamar Aljazari. Ƴaƴa mata ma a ba su dama.

Amma a kula. Kada yaro ya taɓa wayar kuran. Kada ya fasa pil, ko ya sa shi a baki, guba ne. Yankan gwangwani aikin babba ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

TAMBAYOYI

1. Me ke sa tasar agogon giwa ta nutse?
2. Mece ce ma'anar "robota"?
3. Me yaran unguwarku suke ƙerawa, kuma wa ke taimakonsu?