Taya da Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu a Ƙasar Faskari

Kafin zuwan mota, jakuna ne ke kai audugar Ruwan Godiya da sauran garuruwan Faskari kasuwannin Funtuwa. Da motoci suka shigo, damina ce ta zama jarrabawarsu, domin hanyar burji takan koma taɓo. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ta yi suna wajen fita daga laka saboda tana ja da ƙafa huɗu. Sai dai jan ba ya ƙara wa burki komai. Taya ce ke riƙe ƙasa.

Wannan ne ya sa a Finland kamfanin da ake kira Nokian a yau ya fito da tayar hunturu a 1934, wadda aka yi domin ƙanƙara. Bayan kamfanin taya na Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta Legas a 2008, tayoyin gwanjo na Turai suka ƙara cika kasuwa, har da na hunturun. Robar tayoyin hunturu mai laushi ce, zafin kwaltar bazara yana cinye ta da wuri, don haka ba ta dace da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba.