Jinjimi: Tsuntsun Da Ya Ɓace A Masar, Ya Sauka A Lambunmu

Rubutunmu na wannan mako a kan tsuntsu ne, amma tarihi ne zalla.

Ranar Asabar da sanyin safiya na raka ƙanin mahaifina lambunsa da ke kusa da madatsar ruwa ta Mairuwa, a wajen Funtuwa. Muna cikin ban ruwan tumatir sai ga wasu manyan tsuntsaye guda uku sun sauka a bakin kwalbati. Na laɓe bayan bishiyar gwaiba na ɗauki hotonsu da waya. Da na nuna wa abokaina da yamma, sai gardama ta kaure. Wani ya ce belbela ce ta ƙoshi, wani ya ce shamuwa, wani ya ce zalɓe. Mu bakwai, duk mun yi makaranta, babu wanda ya san sunansa. Sai da muka kai wa wani dattijo mai sayar da goro a bakin masallaci. Ya kalli hoton, ya yi dariya, ya ce: “Ɗana, ai jinjimi ne. Yau har an zo zamanin da ake tambayar jinjimi?”

Ga kamanninsa, don wanda bai taɓa gani ba. Jikinsa fari ne fat, amma kai da wuya baƙaƙe ne kuma babu gashi, sai fata. Bakinsa dogo ne mai kauri, a lanƙwashe kamar lauje. Ƙafafu baƙaƙe, ga wani baƙin gashi mai laushi da ya rufe wutsiya. Tsawonsa ya kai santimita 65 zuwa 75, nauyinsa wajen kilo ɗaya da rabi. In yana tashi sama wuyansa a miƙe yake, ba kamar belbela da zalɓe da ke naɗe nasu ba. Da wuya ka ji kukansa. Abincinsa fara, tsutsa, kwaɗi, katantanwa da ƙananan kifi, kuma da wannan lanƙwasasshen baki yake caka taɓo yana zaƙulo su. A riƙe wannan, domin shi ne kan zancen: ƙasa in ta bushe ta yi tauri, bakin jinjimi ba ya iya caka ta.

Da na bi diddigi, sai na tarar wannan baƙo na lambunmu yana cikin tsuntsayen da suka fi tsohon tarihi a duniya. Misirawan zamanin fir'aunoni, cikin bautarsu ta gumaka, sun danganta shi da Thoth, wanda suke ɗauka ubangidan rubutu da ilimi, har suna zana shi da jikin mutum da kan jinjimi. Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya siffanta tsuntsun tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ambaci farin jikinsa da kansa marar gashi. Tun daga wajen shekara ta 650 kafin haihuwar Annabi Isa, masu ziyarar wuraren bauta kan sayi gawar jinjimi da aka busar aka naɗe da ƙyalle, su miƙa ta hadaya. An ƙiyasta akwai irin waɗannan gawarwaki kusan miliyan 4 a kogunan ƙarƙashin ƙasa na Tuna el-Gebel, da wasu fiye da miliyan ɗaya da rabi a Saƙƙara. Wani bincike da Sally Wasef da abokan aikinta suka buga a 2019 ya nuna alamar cewa daga daji ake kamo su, ba kiwonsu ake yi kamar kaji ba.

Gardamar suna da muka yi ma ba mu muka fara ba. Turawa sun daɗe suna zaton tsuntsun Misirawan wani ne daban, dangin shamuwa mai rawayan baki. A 1790 James Bruce, ɗan Sikotilan da ya yi yawo a Habasha, ya siffanta tsuntsun da ya gani a can, ya ce shi ne na ainihi. Da Napoleon ya mamaye Masar a 1798, masanan da suka bi rundunarsa suka kwaso gawarwakin zuwa Faransa. Georges Cuvier ya kwance su, ya auna ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar Bruce ne da gaskiya. Awo da rubutu suka raba gardama.

To ga abin mamaki. An shafe ɗaruruwan shekaru ana kama jinjimi ana binnewa, bai ƙare ba. Amma wajen tsakiyar ƙarni na 19 sai ya daina hayayyafa a Masar. Dalilin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne busar da fadamu da dausayin kogin Nilu da aka yi don a samu filin noma. Abin da wuƙar 'yan bauta ba ta yi ba, bushewar fadama ta yi. Yau Bamisire in yana son ganin tsuntsun kakanninsa, sai a gidan tarihi ko gidan namun daji.

A Afirka ta Kudu kuma akasin haka ya faru da wani ɗan'uwansa, wanda ake kira hadada saboda kukansa mai ƙara. Shi launinsa toka-toka ne, da sheƙi a fukafukai, kuma akwai shi a Najeriya a bakin koguna masu itatuwa. A ƙarni na 20, da aka yawaita madatsun ruwa, noman rani, dashen itatuwa da ban ruwan ciyawar ƙofar gida, sai ya bazu zuwa yankunan da can ba a san shi ba. Yanzu a unguwannin Johannesburg da Cape Town shi ke tashin mutane da asuba, yana cakar tana a lambunan gidaje. Darasin ɗaya ne: inda ƙasa ke da laima, nan dangin jinjimi suke.

Mu dawo gida. Yankinmu ya ga sauyin ƙasa mai yawa cikin shekara ɗari. Auduga ta jawo layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, aka sare dazuzzuka aka yi gonaki. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gwambe. Shirin ya kawo takin zamani, hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa. Mairuwa, Gwaigwaye, madatsar Malumfashi da ta Ruwan Sanyi duk ruwa ne da aka tsare da hannun mutum. Sun ba tsuntsayen ruwa wurin sauka da rani. A ɗaya gefen kuma, kowa ya ga yadda unguwanni ke hawa kan fadamu, yadda ake sare manyan itatuwan da irin waɗannan tsuntsaye ke sheƙa a kai, da yadda maganin feshi ya zama abokin kowane manomi. Dattijon nan ya ce suna yara garken jinjimi suke gani a bayan gari bayan ruwan sama, shi kuwa rabonsa da ganin ko ɗaya ya manta.

Maganarsa shaida ce, amma shaidar da ke cikin kai tana tafiya kabari da mai ita. Maƙwabtanmu sun samu masu rubutawa. An kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya a 1964. Hilary Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, ya rubuta jerin tsuntsayen Zariya a 1965, sannan Sharland da Wilkinson suka buga na Jihar Kano a 1981 cikin mujallar Malimbus. Saboda haka ɗan Kano na yau zai iya ɗauko takarda ya kwatanta jiya da yau. Sunan jinjimi kansa yana cikin ƙamusun Bargery na 1934, ga shi mu jikokin masu harshen mun kasa kawo shi. Kuma mun ga abin da ya sami gauraka, wadda da sananniya ce a fadamun Arewa, yanzu kuwa ta kusa ƙarewa a Najeriya, yaranmu sai a labari suke jin ta.

Nan hoto ya shigo. Abin da Cuvier ya yi da ma'auni, mu muna iya farawa da wayar da ke aljihunmu. Amma hoto ba ya zama tarihi sai da abu uku: rana, wuri, da adadin tsuntsayen. Na huɗu, wanda mu kaɗai za mu iya, shi ne sunan Hausa daga bakin tsofaffi. In za ka ɗauka, je da sassafe ko bayan la'asar, rana tana bayanka. Kada ka bi shi da gudu, zauna wuri ɗaya shi zai matso. Yi ƙoƙari baki da wuya su fito, domin da su ake bambancewa. Kuma kada a je wurin sheƙa a tayar da iyaye daga kan ƙwai saboda hoto. Akwai ma inda za a kai: tun 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma 'yan sa kai ne ke aika abin da suka gani ta manhajar waya.

Wani zai ce, ana fama da tsadar taki da rashin tsaro, wa ke ta tsuntsu? Gaskiya ne. Sai dai taɓon da jinjimi ke caka shi ne laimar da tumatir da albasarmu ke sha da rani. Ranar da ya daina sauka, mai lambu ya fara lissafi.

Ni dai na buɗe littafi, na rubuta layin farko: Asabar, Mairuwa, jinjimi uku. 'Yan Malumfashi, Bakori, Ƙafur, Danja da Faskari, wanda ya gani a wajensu ya ɗauka, ya tambayi kakansa sunansa, ya rubuta. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.