Waiwaye: Wa Ke Riƙe da Ƙofar Daji?

In mutum ya tsaya a Yelwa cikin garin Mubi da hantsi ya dubi gabas, duwatsun Mandara ne za su tare masa ido. In ya sauke ido kan titi kuwa, itacen girki da buhunan gawayi zai gani ana shigowa da su a kan babura da a-kori-kura. Dattawa kan ce a da ba a yin nisa kafin a ci karo da gada ko zomo, yau kuwa mai neman itace ma sai ya yi guzuri. Tambayar da ta daɗe tana bin wannan yanki ita ce: wa ke da ikon shiga daji, me zai ɗauka, me kuma zai bari?

Kafin zuwan Turawa daji yana da masu shi. Sarkin baka ke sanar da ranar fita farauta, galibi da rani bayan an kawar da amfanin gona. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka ba a sa musu gatari, domin kowa ya san daga nan daddawa da man kaɗe da miya ke fitowa. Akwai kuma kurmin da ake shakkar shiga saboda abin da aka gada na tsoron iskoki, tsoron nan kuwa ya tsare itatuwan da babu dogarin da ya taɓa gadinsu. A Sukur, can ƙasar Madagali, mutanen Hidi, sarkin wurin, sun jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni suna noma ba tare da ruwa ya kwashe ƙasar ba, aikin da ya sa UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a Najeriya.

Jamusawa suka fara mallakar Mubi a farkon ƙarnin da ya wuce, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma Ingila ta karɓi riƙon yankin. Da ita aka shigo da dokar daji da ta kare namun dawa, waɗanda aka kafa a Najeriya a 1916. Aka shata gandun daji, aka kafa turaku, En'e ta ɗauki malaman daji, sare itace da riƙe bindiga suka koma sai da lasin. Dokar ta tsare wurare da yawa, amma ta haifar da wani sabon suna a bakin talaka: dajin gwamnati. Abin da ya zama na gwamnati kuwa, makwabcinsa ya daina jin nauyin tsare shi. In ya samu ido ya kauce sai ya ɗiba.

Yankari ce ta kawo sabon salo. An keɓe ta a ƙasar Bauci a 1956, aka buɗe ta ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. A nan ’yan Arewa suka fara ganin daji a matsayin wurin shaƙatawa: a biya kuɗi a ƙofa, a shiga mota a kalli giwaye da ɓauna, a yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Sai dai baƙon da ya zo daga nesa shi ke shiga, manomin da giwa ke ɓarnata wa dawa yana bayan shinge.

Labarin da ya fi shafar Mubi shi ne na Gashaka. Bayan ƙuri'ar jin ra'ayi ta Fabrairun 1961, yankin Arewacin Kamaru da Ingila ke riƙo ya zaɓi Najeriya, aka raɗa masa Lardin Sardauna, hedkwatarsa Mubi. Lardin ya miƙe kudu har Gashaka da Mambila, wato daga garin nan aka taɓa mulkar dazuzzukan da suka fi ko'ina albarka a ƙasar. A 1972 gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas ta keɓe dazuzzukan Gashaka da Gumti domin namun daji da kuma kare mafarin kogunan da ke malala zuwa Binuwai.

A nan aka yi wata dabara da ba a saba gani ba. Akwai Fulani makiyaya a kan tsaunuka irin su Chappal Hendu, inda sanyi ya hana tsando sakat, akwai kuma manoma a kwari. Maimakon a tashe su, sai aka shata musu wurare a cikin gandun, su yi kiwo su yi noma, bisa sharaɗin ba farauta kuma ba ƙetare iyaka. Tunanin shi ne, da ɗan gari akan ci gari: wanda aka bar wa mazauninsa shi zai fara kai rahoto in maharbi ya shigo.

Zaman bai tafi sumul ba. Annobar bushiya ta 1983 ta kashe shanu, ta kuma tsallaka kan ɓauna da sauran dabbobi, abin da ya nuna cewa cuta ba ta san turakun iyaka ba. Shanu suka ƙaru, baƙin makiyaya suka riƙa shigowa da rani, ana cinna wuta domin sabuwar ciyawa, ana sa guba a mushe saboda zaki da kura. Su kuma mazauna suka yi ta kukan cewa gwaggon biri da gadu na cinye musu masara, ga rashin hanya da asibiti.

A 1991 Gwamnatin Tarayya ta haɗe dazuzzukan biyu suka zama Gandun Ƙasa na Gashaka-Gumti, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 6,000, mafi girma a Najeriya. A shekarar ce kuma aka raba Gongola, sai ɓangaren Gumti ya faɗo Adamawa ta wajen Toungo, Gashaka ta faɗa Taraba, hedkwata a Serti. Masu yawon buɗe ido suka samu abin zuwa gani: dorinar Mayo Kam, kufan sansanin Jamusawa a ƙauyen Gashaka, da Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419, tsaunin da ya fi kowanne a ƙasar. Daga shekarar 2000 masu bincike daga jami'ar Landan suka zauna a Kwano suna nazarin birin chimpanzi, suna ɗaukar ’yan ƙauyukan aikin ja-gora, har wasu da suka san daji ta hanyar farauta suka koma cin abinci da wannan sanin ba tare da baka ba.

Sai jarrabawa biyu suka zo. Ta farko kasuwar madobiya ce, itacen da ’yan katako ke kira madarid, wanda a shekarun 2010 aka riƙa lodinsa daga Taraba da Adamawa zuwa Sin, har masu zarto suka fara kutsawa gandun. Ta biyu kuwa mutanen Mubi ba sa buƙatar a ba su labarinta. Sambisa ma gandun namun daji ne a da. Da kulawa ta ja baya, ma'aikata suka yi ƙaranci, baƙi suka daina zuwa, sai masu tayar da ƙayar baya suka mai da shi mafaka, kuma a Oktoban 2014 Mubi ta ɗanɗana sakamakon. Dajin da mutanen kirki suka daina shiga ba ya zama fanko, wani ne ke cike gurbin.

A 2017 hukumar gandun dajin ƙasa ta ƙulla yarjejeniya ta shekara talatin da ƙungiyar Africa Nature Investors domin gudanar da Gashaka-Gumti tare. Aka horar da masu gadi daga cikin ’ya’yan yankin, aka kafa wa mata ƙungiyoyin adashi, aka shiga yi wa shanu rigakafi. In aka duba da kyau, komawa ce ga abin da aka fara a 1972, wanda shi ma sarkin baka ya riga shi sani.

Mubi ba ta da giwa ko chimpanzi, amma tana da gaɓar kogin Yedzaram da gindin tsaunuka da ragowar itatuwan da gatari bai kai gare su ba. Matasa na neman wurin shan iska ranar sallah, mata na neman itace, makiyayi na neman burtali zuwa mashaya, ɗaliban jami'ar jiha da na kwalejin kimiyya da fasaha na neman wurin nazarin tsirrai. Duk za su iya samu in masu unguwanni da maharba da ardo suka zauna suka ware inda za a zauna a huta, inda za a tsinci busasshen itace, da inda za a bar wa tsuntsu da gada, sannan a sa ɗan unguwa a ƙofa, a biya shi. Yaron Yelwa da ya taɓa zama a inuwar ɗorawa yana kallon gada ta gilma, da wuya ya girma ya sayar da itacen a kuɗin buhun gawayi.