Kwalbar da ba a iya ɗanɗanawa: tarihin haƙƙin mai saye a taƙaice



Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe an koya masa ciniki. Ranar da aka fara aikena awo ina da shekara tara, Umma ta ce in tsaya a kan mai hatsi in ga ya cika mudu, in duba gindin mudun ko an buge shi, in shinshina manja, kada in karɓi kuɗin farko da aka yanka mini. Amma ranar da aka aike ni kemis sayen maganin zazzaɓin ƙanwata, sunan maganin kawai aka faɗa mini. Ba laifin Umma ba ne. Ilimin da ta gada na kayan da ake gani ne, ana taɓawa, ana ɗanɗanawa. Kwalba kuwa a rufe take zuwa. Tarihin haƙƙin mai saye tarihin wannan rufaffiyar kwalbar ne, kuma akwai hannun marubuta a cikinsa tun daga farko.

A ƙarshen 1904 wani matashin marubuci ɗan Amurka, Upton Sinclair, ya yi mako bakwai yana shiga mayankan birnin Shikago cikin tufafin leburori. Abin da ya gani ya zuba a littafin ƙagaggen labari mai suna The Jungle, wanda ya fito a Fabrairun 1906: ruɓaɓɓen nama da ake sake niƙawa, ɓeraye da gubar da aka sa musu suna bin nama zuwa cikin injin. Shi burinsa a tausaya wa ma'aikata, su kuwa masu karatu cikinsu ne ya juya. Cinikin nama ya faɗi, kuma ranar 30 ga Yunin 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokoki biyu, ta duba nama da ta tsaftar abinci da magani.

Sai dai dokar tana da ɓaraka. Ta hana ƙarya a jikin kwalba, amma ba ta tilasta a gwada magani kafin a sayar ba. A 1937 wani kamfani a jihar Tennessee ya so mayar da maganin ƙwayoyin cuta na ruwa don yara su iya sha. Ya narkar da shi a wani sinadari mai suna dayetilin gilaikol, mai ɗan zaƙi a baki, wanda ake amfani da shi a man birki, yana kuma kashe ƙoda. Sama da mutum 100 suka mutu, da yawansu yara. Abin takaici, laifin da doka ta iya kama kamfanin da shi kawai shi ne sunan da ya liƙa wa kwalbar bai dace da abin da ke ciki ba. Cikin takardun da aka kai wa majalisa har da wasiƙar wata uwa zuwa ga shugaban ƙasa, tana bayanin yadda 'yarta ta rasu. A 1938 aka yi sabuwar doka: ba a fitar da magani sai an nuna ba ya cutarwa.

Ku riƙe sunan wannan sinadarin, za mu sake haɗuwa da shi.

Ranar 15 ga Maris, 1962, Shugaba John F. Kennedy ya aika wa majalisar Amurka saƙo da ya lissafa haƙƙoƙi huɗu na mai saye: kada kaya su cutar da shi, a faɗa masa gaskiyar abin da yake saye, ya samu zaɓi, a kuma saurari kukansa. Daga 1983 ake tunawa da wannan rana duk shekara a matsayin ranar haƙƙin mai saye ta duniya, kuma a 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kare masu saye, waɗanda suka haɗa da ilimantar da mai sayen kansa. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi damuna.

Mu nan ba baƙon zance ba ne. Akwai sura guda a Alƙur'ani da ta buɗe da gargaɗin masu tauye mudu, kuma a tsarin mulkin Musulunci akwai muhtasibi, mai zagaya kasuwa yana duba awo da algus. Amma muhtasibin da ya san mudu ba zai gane guba a cikin maganin ruwa ba. A 1990, shekara 53 bayan abin da ya faru a Amurka, yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan maganin zazzaɓi na ruwa. Sinadarin nan ne dai. Wannan musiba tana cikin dalilan kafa hukumar NAFDAC a 1993, shekara guda bayan dokar soja mai lamba 66 ta 1992 da ta samar da Majalisar Kare Masu Saye.

Kafa hukuma daban, aikinta daban. Sai da Dora Akunyili ta karɓi NAFDAC a 2001 talaka ya fara jin sunanta a rediyo. Ita kanta ƙanwarta ta rasu a 1988 sanadiyyar jabun allurar ciwon suga. Ta ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, ta rufe kasuwanni, har aka harbe ta a Disambar 2003, harsashin ya goge fatar kanta. A ganina babban aikinta shi ne sa mutane juya kwalba su nemi lambar NAFDAC. Duk da haka, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84. A 2022 kuma yara kimanin 70 suka mutu a Gambiya saboda maganin tari. Guba ɗaya, kusan shekara 85 tana yawo.

Yau muna da dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da aibu, duk da rubutun nan na ƙasan rasit da ke cewa kayan da suka fita ba sa dawowa. Ku tambayi mutum goma a unguwarku, nawa ne suka sani? Mu kan ce “haka Allah Ya so” mu jefar da lalatacciyar caja. Haƙuri abu ne mai kyau, amma shirunka ne ke ba mai algus damar sayar wa na bayanka.

Kuma wa ake aika kemis da shago? Yara. Su ya kamata a fara koya wa abu huɗu: duba ranar lalacewar kaya, neman lambar hukuma, kankare lambar jikin kwalin magani idan akwai a tura saƙo don tantancewa, da karɓar rasit. Yaron da ya iya karatu shi ne idon kakarsa.

Nan ne namu ya shigo. Littattafanmu cike suke da kayan lefe da akwatuna, amma na daɗe ban ga jarumar da ta juya kwalba ta karanta ba, ko uban da ya koma shago da rasit cikin mutunci ya karɓi haƙƙinsa. Ba wa'azi nake nufi a cusa cikin labari ba. Sinclair mayanka ya shiga ya gani da idonsa. Ku je kemis ɗin unguwa ku zauna awa ɗaya, ku ji abin da ake tambaya da wanda ba a tambaya, sannan ku rubuta.

Allah Ya tsare mana yaranmu. Sai mako mai zuwa in muna da rai.